Agogo ba hannu ba batir, wai kusan dala dubu hamsin, don Allah a fahimtar da ni

Ɗan_Fagge:

Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Don Allah masu ilimin agogo ku zo ku cire ni daga duhu, tun shekaranjiya abin nan yake cina a rai. Ni gyaran waya nake yi, to wani bawan Allah ya kawo min wayarsa sikirin ya fashe, yana miƙo min sai idona ya faɗa kan wani abu a hannunsa, wallahi da farko na ɗauka irin na'urar nan ce ta awon jini ko suga. Ba zagayayye ba ne sosai, gilashin ya yi tudu kamar an kifa ƙaramin kwano, a ciki kuma wasu faifai guda uku masu lambobi, babu dogon hannu babu gajere. Na kasa haƙuri na ce yallaɓai wannan fa? Ya yi dariya ya ce agogo ne, sunansa Urwerk. Da ya tafi na shiga intanet na duba, na ga irinsa sak ana ce masa UR-100, wai guda 25 kacal aka yi na wannan kalar a duk duniya, kuɗinsa kuma lokacin da ya fito kusan dala dubu hamsin. Ko a naira 1,500 ka ɗauki dala ai ka tashi miliyan saba'in da biyar kenan, gida sukutum a hannun mutum.

Tambayoyina: ta yaya ma ake gane ƙarfe nawa a jikinsa? Sannan me aka zuba a ciki da ya kai wannan kuɗin tunda ban ga zinare ba ban ga lu'ulu'u ba, kuma wai ko batir babu? In ya lalace wa zai gyara? Na ƙarshe kuma, anya na hannun mutumin nan na gaske ne kuwa, don dai motar da ya zo da ita ba ta yi min kama da ta mai wannan agogon ba.

Tsohon_Mai_Agogo:

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da maganar batir tunda ita ce sana'ata, sama da shekara talatin ina zaune gaban teburin gyaran agogo. Ku yaran yanzu kun taso kun ga agogo da batir sai kuke ganin rashinsa abin mamaki ne, alhali agogo mai wani, wato wanda ake murɗawa, shi ne asali. Akwai wani dogon sifirin siriri a naɗe a cikin ɗan gwangwani, in ka murɗa kan agogon ka yi masa wani sai ya ɗaure, yana warwarewa a hankali yana tura ƙananan giyoyi masu haƙora, daga ƙarshe ƙarfin ya isa wajen wata 'yar ƙafa da muke ce wa balans, ita ce take kaiwa da komowa tana raba lokaci. Yawancin na zamani tana bugawa sau 28,800 a awa ɗaya, sau takwas kenan a daƙiƙa. Wanda ake ce wa otomatik kuma an ƙara masa wani ƙarfe mai nauyi a baya, duk motsin da hannunka ya yi sai ya juya ya yi masa wanin da kansa. In ka ajiye shi kwana biyu ba ka ɗaura ba sai ya tsaya. Seiko 5 ɗin da alhazanmu suke dawowa da shi daga Makka a da ai haka yake, har yau ana kawo min wasu da suka girmi masu su, in wanke in sa mai su tashi garau.

Amma wannan naka da na kalli hotonsa, ni dai ko an kawo min ba zan buɗe ba. Ba wai tsoron injin ba, inji inji ne, matsalar kayan gyara. Seiko in giya ta ci sai in ciro daga wani mataccen in saka. Wannan kuwa kowane ɗan ƙarfe na samansa su suka yanka abinsu, sukurun ma ba kowace sukundireba ce take shigarsu ba. Ka ɓallo abu ɗaya ka sayar da gidanka kenan. Sai dai a mayar musu can Suwizalan, ga kuɗin aike ga inshora ga jira na watanni. Kuma agogo mai wani yana son sabis duk bayan shekara huɗu ko biyar don man ciki yana bushewa, balle a ƙurar hunturun nan tamu da take shiga ko'ina har cikin kwanon da aka rufe.

Injiniyan_Hamburg:

Baba ya gama magana a kan injin, Allah ya ƙara girma. Ni bari in ɗauki ta karanta lokacin, don na taɓa riƙe irinsa a wani baje kolin agoguna a nan Turai, mai shagon ya ga na tsaya ina ta leƙe ya ciro ya ɗora min a tafin hannu, ni kuwa har gumi na yi kar ya suɓuce.

Malam Ɗan Fagge abin ba wuya, sai dai ido ne bai saba ba. Faifai ukun nan da ka gani kowanne yana ɗauke da lamba huɗu, uku sau huɗu sha biyu, awannin kenan. Dukkansu suna kan wani abu mai ƙafa uku da yake zagayawa a hankali kamar lilon yara na ranar sallah. A ƙasan fuskar agogon akwai wani layi mai lanƙwasa kamar baka an rubuta 0 zuwa 60, mintuna kenan. To lambar awar da ake ciki ita ce take tafiya a kan wannan layin. Misali ƙarfe huɗu da minti ashirin, za ka ga lamba 4 ta zo daidai kan 20, da ɗan jan tsini yana nuna wajen. Tana kaiwa 60 sai ta fice, a daidai wannan lokacin lamba 5 ta shigo ta kan 0. Kallo ɗaya kake yi ka ga awa da minti a wuri guda, bayan kwana biyu ma sai ka ga ya fi mai hannu sauƙi, musamman in kana tuƙi tunda a ƙasa abin yake ba sai ka juya hannu sosai ba.

Inda suka nuna hauka shi ne abin da tsinin yake yi bayan ya gama aikin minti. Maimakon ya tafi hutu sai ya ɓulla ta wata 'yar taga a sama ta hagu, yana nuna tafiyar da duniya take yi wajen juyawa a kan kanta, kilomita 555 a cikin minti ashirin in kana tsaye a kan layin ikweta. Ta dama kuma akwai wata tagar da take nuna tafiyar duniya wajen zagaya rana, kilomita 35,740 a minti ashirin ɗin dai. Wato kana zaune a shagonka kana kwance waya agogon yana gaya maka kai matafiyi ne. Amfaninsa a rayuwar yau da kullum? Babu ko na anini. Amma ni ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Kamfanin ƙarami ne ƙwarai. An kafa shi a 1997, Felix Baumgartner shi ne maƙerin agogon, gadon gidansu ne don babansa ma gyaran tsofaffin agogunan bango yake yi, sai Martin Frei wanda shi mai zane ne, makarantar zane ya yi ba ta agogo ba, shi ya sa kayansu ba sa kama da na kowa. Suna aiki tsakanin Janeba da Zurik, kuma abin da suke fitarwa a shekara bai wuce ɗari da wani abu zuwa ɗari biyu ba. Sunan ma da ma'ana, Ur wani tsohon birni ne a kudancin Iraƙi ta yau, can yankin da aka gado lissafin sittin-sittin da ya sa awa take minti 60, werk kuma aiki ne da Jamusanci. In ka faɗe shi da baki kuma sai ya yi daidai da kalmar da Jamusawa suke kiran injin agogo da ita.

Wani abin da mutane ba su sani ba, dabarar nan da ake gani kamar daga duniyar sama ta faɗo tsohuwa ce tukuf. Tun wajajen shekarun 1650 wasu 'yan'uwa a Italiya, 'yan gidan Campani, suka ƙera wa Fafaroma Alexander na bakwai agogon dare saboda yana fama da rashin barci kuma ƙarar agogo tana damunsa. Suka yi masa marar ƙara, lambar awa tana ratsa wata taga mai lanƙwasa, a bayanta an kunna fitilar mai don ya gani cikin duhu. Kamfanin agogo na Audemars Piguet ma sun sa dabarar a agogon hannu a 1991 suka kira shi Star Wheel. Urwerk ɗauka suka yi suka cire mata rufi yadda za ka ga komai yana juyawa a fili. UR-100 ɗin da kake magana ya fito a 2019.

Maganar kuɗi kuma, ka lissafa: shekarun da aka yi ana zane da gwaji, injinan yankan ƙarfe masu tsadar gaske, albashin ma'aikaci a Suwizalan, goge kowane ɗan ƙarfe da hannu, sai ka raba duk wannan a kan agogo ƙalilan. Casio yana raba nasa kuɗin a kan miliyoyi. Kuma juya faifai uku masu nauyi da ƙarfin sifirin guda ɗaya ba tare da lokaci ya rikice ba aiki ne ba na wasa ba, hannun agogo na yau da kullum ai kamar gashi yake wajen rashin nauyi.

Ba_Sani_Ba_Sabo:

Hhhh Injiniya ka iya talla wallahi, su ba ka kamasho kawai. Ni fa duk bayanin nan na ji amma maganar "guda 25 kacal a duniya" ce take ba ni dariya. Eh guda 25 ne na kalar ƙarfe, sai kuma 25 na baƙi, bayan nan suka fito da na zinare shi ma 25, suka yi na tagulla mai ɓawo kamar fatar kada, suka yi na gaurayen zinare da azurfa, suka yi shuɗi, haka dai ake ta yi har yau. Agogo ɗaya ne ake canza masa riga kowace shekara a ce maka wannan ma kaɗan ne yi sauri kar ya ƙare. Dillalan atamfa a Kwari ma sun san wannan dabarar, a ce Hajiya saura turmi biyu alhali sito cike yake. Bambancin kawai su waɗannan da gaske adadin da suka faɗa suke yi, amma ai su suka zaɓi lambar, ba ƙarfe ne ya ƙare a duniya ba.

Sannan a daina cewa don lokaci ake saya. Agogo mai wani mai kyau, wanda ya ci jarrabawar COSC, hukumar gwajin daidaiton agogo ta Suwizalan, an yarda ya yi latti na daƙiƙa 4 ko ya yi gaggawa da daƙiƙa 6 a rana ɗaya. Casio F-91W ɗin da ke hannuna, wanda tun 1989 ake yin irinsa, a wata guda ma da ƙyar ya kauce da rabin minti, ga ƙararrawar tashin asuba ga fitila, batirinsa ya yi shekara bakwai. Ai Japanawa sun gama da wannan gardamar tun Disambar 1969 da Seiko ta fito da Astron mai batir. Masana'antar agogon Suwizalan saura ƙiris ta mutu, ma'aikata daga wajen dubu casa'in suka dawo wajen dubu talatin. Da suka ga ba za su iya gasar daidaito da araha ba sai suka koma sayar wa masu kuɗi labari da tarihi. Kuma dabarar ta ci, ban ce ba ta ci ba.

Ku duba kamfanin agogo na Richard Mille ma, a 2022 suka yi wani agogo da haɗin gwiwar Ferrari mai kaurin milimita 1.75, kamar kwabo, guda 150, kowanne kusan dala miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Kusa da wannan ai na Ɗan Fagge agogon talaka ne.

Injiniyan_Hamburg:

Ban musa maka ta canza riga ba, gaskiya ce, kuma ko a cikin masu tara agogon akwai waɗanda abin yake ba wa haushi, mutum ya saya yana ganin shi kaɗai ne bayan wata shida a fito da ƙaninsa. Amma kwatanta shi da Casio kamar ka ce me ya sa ake sayen babbar riga mai aska tara da aka yi wata da watanni ana ɗinkin hannu alhali ga ta inji tana rufe jiki. Wanda ya san aikin allura shi ya san abin da ya biya. Kuma ba na ba kowa shawarar ya saya don riba, Rolex da Patek Philippe ma da aka fi nema farashinsu na hannu-na-biyu ya hau sama sosai zuwa farkon 2022 sannan ya sauko, balle irin wannan da masu nemansa 'yan tsiraru ne, ranar da ka matsu da kuɗi sai ka nemi mai saye ka rasa.

Maman_Biyu:

Ni dai tambayata ɗaya ce ga Injiniya, ana alwala da shi? Don in mutum zai riƙa cire miliyan saba'in sau biyar a rana yana ajiyewa a gefen famfon masallaci to akwai magana. Maigidana agogon dubu takwas ma sau biyu yana mantawa da shi a wajen alwala, na biyun bai dawo ba.

Sannan na zinaren da aka ambata a tuna wa mazanmu zinare dai bai halatta gare su ba, ko a agogo ne ko a zobe, sai dai su sayo mana, mu kuma in za a ba mu zaɓi a ba mu sarƙa da awarwaro don su ko gobe ka kai kasuwa a ɗora a sikeli a ba ka kuɗinka. Ban ce mai halin saye ya yi laifi ba, dukiyarsa ce, in ya fitar da zakka ya duba dangi tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ni zuciyata ba za ta iya ba, ina kallon hannuna ina ganin rijiyar burtsatse nawa ce a ɗaure.

Injiniyan_Hamburg:

Hajiya kin kamo inda ya fi ciwo. Mita 30 aka rubuta masa, kuma a yaren masu agogo wannan ba ya nufin ka nutse da shi mita talatin, yana nufin yayyafi da ɗan fantsalin ruwa kawai. Ni da nawa ne cirewa zan yi in sa a aljihun gaba. Ƙarshenta dai mai irinsa yana da wani agogon na yawo, wannan sai ranar taro.

Malamin_Jogirafi:

Ku yi haƙuri in ɗan karkata, lissafin kilomitan nan ne ya ja ni. Kewayen duniya a ikweta kilomita 40,075 ne, ka raba da awa 24 ka samu wajen 1,670 a awa, ka sake rabawa uku ka samu na minti ashirin, ya faɗo kusa da 555 ɗin da suka rubuta. To amma fa wannan na wanda yake kan ikweta ne. Kano tana wajen digiri 12 a arewa, da'irar da muke zagayawa ta ɗan fi ƙanƙanta, namu zai kama wajen kilomita 544. Su kansu masu ƙera shi a Janeba nasu bai kai 400 ba. Wato mutumin Ɗan Fagge ya biya miliyan saba'in agogon yana yi masa ƙarin kilomita goma sha ɗaya duk minti ashirin, hhh. Gobe da wannan zan buɗe darasi a aji, yaran sun fi jin irin wannan a kan zanen allo.

Ɗan_Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, yau na ƙaru. Baba Tsohon Mai Agogo saura tambayata ta ƙarshe ba a taɓa ba, ta jabu. Don ni an taɓa yi min, na sayi wani agogo a hannun wani mai shago ya rantse min orijina ne ɗan gwanjo, sati uku fentin ya fara barin hannuna kore, da na koma ya ce ai ba ya karɓar kaya in an fita da su. Tun daga nan kowane agogo mai sheƙi kallon jabu nake masa. Mutumin zai dawo ranar Asabar karɓar wayarsa don sikirin ɗin sai an kawo daga Legas, me zan duba ba tare da na ci masa fuska ba?

Tsohon_Mai_Agogo:

To ɗana, da farko kar ka yi wa mutum hukunci da motarsa, na ga attajirin da yake zuwa wajena a tsohuwar Vespa. Na biyu kar ka ce masa "na gaske ne?", wannan rashin ladabi ne. Ce masa za ka yi yallaɓai abin nan ya hana ni barci, a taimaka in gani da kyau. Masu son agogo ba abin da suke so irin a tambaye su, da kansa zai kwance ya miƙo maka, kai dai ka shimfiɗa tsumma mai laushi a kan tebur tukuna kuma ka goge hannunka.

In ya ba ka, kara shi a kunne. Mai batir za ka ji tak, tak, sau ɗaya a daƙiƙa, mai wani kuwa sauri yake kamar zuciyar ɗan tsako. Juya bayansa, na gasken gilashi ne, za ka ga ƙarfen nan mai yin wani yana juyawa in ka karkata shi. Sannan ka duba tagogin nan biyu na sama da Injiniya ya faɗa, ka ja shi da hira na minti biyar ka sake dubawa ko tsinin ya gusa, don masu jabu sun fi yin ha'inci a irin wuraren nan, su zana abu ya zauna kamar hoto. Ka kalli bakin lambobin da kan sukurori da gilashin nan naka na duba cikin waya, aikin gaske ba ka ganin kaushi ko fenti ya zarce layi. Amma ko duk ya ci wannan ba shaida ba ce, akwai jabu masu wani su ma, tabbaci sai takardunsa da lambar jikinsa a wajen kamfanin.

Kuma in ya yarda ka ɗauko min hoton bayan, ka haska da fitilar waya ta gefe ba ta sama ba don kar gilashin ya yi walƙiya. Ina son ganin yadda suka ɗaura wata 'yar farfela da na ji an ce tana rage wa ƙarfen wanin gudu.